Takin da Ke Sa Hawaye

A duk ƙauyenmu na Kashin Zama babu wanda tarin takinsa ke sa mutum hawaye kamar na Baffa Magaji, kuma da wannan yake taƙama. In lokacin dashen albasa ya gabato, sai ya sa a kwaso tokar da matan gida suka tara tun damina, a zube ta a bayan rumbu. A kawo kashin tumaki a zuba a kai. Sannan ya farke buhun takin kamfa da na yuriya da wuƙarsa, ya juye, a cakuɗa da shebur, a yayyafa ruwa, a lulluɓe da tsofaffin buhuna. Bayan 'yan kwanaki in aka ɗaga buhun, wani wari mai yaji zai daki hancin mutum ya haye har tsakar ka. Baffa zai tsaya a kan tarin, idanunsa jajur, hawaye na bin gemunsa, yana dariya.

"Kun ji shi? Ya farka! Taki in bai sa ka kuka ba, barci shika yi."

Abin yana da asali. Kakanmu toka da kashin dabbobi yake haɗawa tun ba a san takin zamani ba. Da takin buhu ya zo, ba ya isar kowa, sai aka lura in an zuba shi cikin toka yana auki, kaɗan ya zagaye garka guda. Garka ita ce abin da mutanen gabas ke kira lambu. Daga nan kowa ya ɗauka, har ya zama ba a tambayar dalili.

Baffa Magaji yayan mahaifina ne. Mahaifina ya rasu ina sakandare a Jega, ban daɗe ba na bar makarantar. Ba kora ta aka yi ba, zama wuri ɗaya ne ba na iyawa. Na yi faci a bakin tasha, na yi yaron mota a hanyar Yawuri, na yi cajin batir. Shekarar da aka yanke mana jiha daga Sakkwato, har Birnin Kebbi na tafi ɗaukar bulo, da aikin ya ishe ni na dawo gida da rediyo da takalmi sabo. Duk tsawon lokacin nan Baffa ne ke noma garkar mahaifina tare da tasa.

Bayan na dawo da kamar wata biyu ya kira ni zaure.

"Naziru, zauna. In kana iyawa."

Na zauna.

"Garkar ubanka ta gaji da jiranka, ni ma na gaji. Ƙarfina bai kai garka biyu yanzu, ga albasar kullum baya taka yi, iri ya gaji. Mas'ud mijin Aishatu ya yi mani magana, shina son aro. Na ce a dakata. Bana taka ta. In ka tsaya har anka cire albasa, kuma albasar ta yi abin kirki, ka riƙe abinka. In ka gudu, ko ka kawo muna 'yan ƙananan ƙwarori, Mas'ud na shiga."

Mas'ud mutumin Liba ne, surukin Baffa, kuma manomi ne na gaske. Na san yadda aron garka yake a wajenmu. Mutum zai shiga, ya gyara rijiya, ya kafa sabon jigo, ya dasa zogale a gefe. Bayan shekara biyar wa zai iya buɗe baki ya ce ya fita? Ga surukuta a tsakani. Garkar nan ita kaɗai ce abin da mahaifina ya bari wanda zan iya taka wa ƙafa in ce nawa ne.

"Na karɓa, Baffa."

"Baki na karɓa. Gobe ka zo ka kama mani haɗin taki, ka ga yadda aka yi. In munka gama nawa, sai mu haɗa naka."

Na zo, muka haɗa nasa. Ranar da aka ɗaga buhu don a juya tarin, ni ke riƙe da shebur. Warin ya buge ni, na ja da baya ina tari, Baffa yana ta dariya yana cewa ɗan birni ya ji maza. Ni kuwa ba dariyar nake ji ba. Na san warin nan. Na taɓa shaƙarsa a wani wuri da babu toka babu tumaki. Sai da na je wanke fuska a bakin randa na tuna: ɗakin gwaje-gwaje na makarantarmu, Malam Yusuf malamin kemistiri riƙe da 'yar kwalba a kan wuta, yana zagayawa da ita benci-benci muna toshe hanci. Na tuna har da abin da ya ce ranar, cewa abin da muke shaƙa guduwa yake yi daga kwalbar.

Ranar kasuwar Jega na hau motar 'yan albasa na tafi nemansa. Na same shi a rumfar wani makanike, an kwance masa Vespa, yana zaune a kan benci yana cin gyaɗa. Ya ƙura mini ido, sannan ya nuna ni da yatsa.

"Naziru mai ƙaiƙayin kujera! Kana raye? An ce mini kana Legas."

"Ban kai ba, Malam. Yawuri na tsaya."

"Ko a gudun ma ba ka kammalawa. Zauna, ga gyaɗa."

Na zauna na kwashe labarin tarin Baffa na faɗa masa, tun daga toka har hawaye. Ya daina tauna gyaɗar.

"Yana rufewa da buhu? Da danshi?"

"Har sai ya yi ɗumi."

"Innalillahi. To saurara, tunda yau ka zo da kunnenka. Abin da ke sa ganye ya yi kore shar, sunansa naitirojin. Galibin abin da kuke wahalar nema a buhun nan shi ne. A cikin buhu a ɗaure yake da wasu sinadarai, shi ya sa yake zaune lafiya kamar gishiri. Ita kuwa toka dangin kanwa ce. In ta same shi ga danshi sai ta kwance shi, ya zama iska mai yaji, ita ce amoniya. Kashin tumaki kuma yana ƙara wa yuriya saurin kwancewa, ɗumin yana ƙara wa iskar saurin tashi. Abu ba ya ɓacewa a duniya, Naziru, wuri yake sauyawa. Duk abin da ya shiga hancin baffanka, daga buhun ya fito, kuma albasa ba za ta gan shi ba."

"Ke nan toka ba ta da amfani?"

"Wa ya ce? Albasa na son toka, akwai abincinta a ciki. Kowanne alheri ne, haɗa su a tari ɗaya ne ɓarna. Ka ba ƙasa toka tun wajen gyaran fangali, ta sha ruwa ta lafa. Takin buhu ya biyo baya da makonni, a tona a rufe, a bi da ruwa."

"Shi Baffa cewa yake iri ne ya gaji."

Malam ya ɗaga kafaɗa. "Iri yana iya gurɓata, in ƙudan zuma ya kwaso garin furen wata albasa ya kai wa taku. A cikin kowace ƙwayar iri akwai wani dogon jeri da ta gada daga iyayenta, sinadarai ne kala huɗu kacal suke ta maimaituwa, kuma yadda suka jeru shi ke sa albasa ta yi ja ko fari, ta yi yaji ko salam. A ƙasashen waje masana sun fara bin jerin nan ɗaya bayan ɗaya suna karantawa. Ni da kai ba mu da na'urar. Amma ba ka bukatarta. Irinku ɗaya da baffanka, ko ba haka ba? Fadama ɗaya, ruwa ɗaya. Ka sauya abu ɗaya tak, ka bar sauran yadda suke. In albasa ta bambanta, ka san mai laifi."

Na tambaye shi ko akwai yadda zan nuna wa Baffa iskar nan da ido, don Baffa ba ya sayen magana.

"Da akwai 'yar takardar nan ja, mai komawa shuɗiya in amoniya ta taɓa ta. Ka tuna ta?"

"Na tuna."

"Ta ƙare tun kuna nan, ba a sake kawowa ba. Yanzu a allo nake zana ta." Ya yi dariya, ya miƙo mini sauran gyaɗar. "Je ka. In ka gudu kafin a cire albasa, kada ka gaya wa kowa ni na koyar da kai."

Da na koma gida na tarar da Gwaggo Laraba, ƙanwar su Baffa, tana tace soɓorodo a tsakar gida. Ita ta riƙe ni tun rasuwar mahaifiyata, kuma ita kaɗai ce a gidan ke sauraron maganata har ƙarshe. Na tsuguna ina ba ta labarin Malam Yusuf da takardarsa da ta ƙare.

"Ja shi koma shuɗi?" Ta ci gaba da tacewa. "Wanga ai ba sai takarda ba. Ran da yarinyar ga Murjanatu ta wanke mani ƙwarya da ruwan toka ba ta ɗauraye ba, na zuba soɓorodo, duk ya koma wani kore-kore baƙi-baƙi kamar ruwan kwata. Sai zubarwa na yi. Kuma mi kaka gani muna sa ma miyar yakuwa in tsami ya yi yawa? Ba ruwan toka ba?"

Na miƙe tsaye. "Gwaggo, ba ni farin ƙyalle."

"Ƙyallen mi? Kai, kada ka taɓa mani ɗankwali!"

Tsohuwar rigata ta makaranta na yayyaga. Na tsoma ƙyallayen cikin soɓorodo mai kauri suka yi ja wur. Na gwada ni kaɗai a bayan ɗaki, na sake gwadawa, sannan na aika a gaya wa Baffa ina roƙon ya ba ni lokaci bayan la'asar.

Ya zo da buta a hannu, maƙwabta biyu suka biyo shi don sun ji an ce ɗan boko zai yi siddabaru. Na jera kwanoni uku a gindin dalbejiya. Na farko toka zalla, na yayyafa mata ruwa. Na biyu kamfa zalla, shi ma na yayyafa. Na uku na ɗebo daga tsakiyar tarin Baffa. Na ɗaure bakin kowanne da jan ƙyalle, na ja shi ya yi tsam yadda ba zai taɓa abin da ke ciki ba.

"Baffa, ka ga babu wanda ya taɓa wani."

"Ina gani. Ba makaho ni ke ba."

Ba a daɗe ba ƙyallen kwano na uku ya fara sauyawa daga tsakiya. Jan ya dushe, ya yi shuɗi-shuɗi, ya gangara kore mai duhu, tabon yana faɗaɗa har bakin kwano. Sauran biyun suna nan ja abinsu. Maƙwabta suka matso suna salati. Na ji kaina ya yi girma. Na buɗe baki zan yi bayani, sai Baffa ya tafa hannu.

"Alhamdu lillahi! Kun gani? Kun gani da idonku? Wanga barci, wanga barci, nawa kaɗai ad da rai! Ko taɓa shi bai yi ba ya rina shi. Naziru, Allah shi yi maka albarka, yau ka nuna ma duniya ƙarfin takina."

Maƙwabta suka ce ƙwarai kuwa, Magaji ya iya haɗi. Ban taɓa kawo wa raina gwajin zai juya ya zama shaidarsa ba.

"Baffa, tsaya. Abin da ya rina ƙyallen, a ina yake yanzu?"

"Ga ƙyalle mana."

"To ya bar kwanon ke nan. Wanda ƙyalle bai tare ba ya wuce sama. Kwana nawa tarin nan yana hayaƙin da ba a gani? Duk abin da muka shaƙa, da wanda iska ta kai gidan maƙwabta, shi ne abincin albasar. Waɗannan biyun da ka ce suna barci, kayansu na nan a jikinsu."

Gwaggo tana daga bakin ƙofa, ta sa baki. "Yaya, ka tuna kwalbar turaren da wani alhaji ya kawo maka daga Makka? Wadda ka bari buɗe cikin akwati? Ɗaki ya yi wata shina ƙamshi, kowa na yaba ka. Ran Salla ka ɗauko, mi ka iske ciki?"

Maƙwabta suka fashe da dariya. Baffa ya harare ta.

"Laraba, koma ga tukunyarki. Turare daban, taki daban." Ya juyo gare ni. "Ubana da toka ya yi noma, ubanka da toka ya yi. Kai da ko aji ba ka ƙare ba za ka karanta mani? To ji nan. Rabonka na taki na nan cikin buhu, ban taɓa ba. Ɗauki abinka. Garkarka ta, in ka so ka zuba mata soɓorodo. Amma magana na nan yadda munka yi."

Abin da nake so ke nan. Na kwashi tokata da kashin tumaki na watsa a garka tun wajen gyaran fangali, na kafce, na ba ta ruwa ta sha ta lafa. Muka ciro dashe daga wuri ɗaya ni da Baffa, rana ɗaya muka dasa. Garkata da tasa kan iyaka ɗaya suke, ɗan kunya ne kawai a tsakani, saboda haka duk wanda ya bi hanyar rafi yana ganin biyun.

Da dashe ya kama ƙasa, lokacin taki ya yi. Baffa ya fito da tarinsa a kan jaki, yana tafe yana watsa cikin tafi a kowane taku, yadda aka saba. Ni ma na ɗauko nawa fari tas daga buhu, na fara daga layin da ke kusa da rijiya. Kaina yana cike da naitirojin da amoniya, hannuna kuwa abin da ya gani tun yarinta yake yi: cikin tafi a kowane taku. Na gama layukan bakin rijiya rana ta yi zafi, na ce sauran sai gobe. Goben kuma aka yi rasuwa a Jiga Birni muka tafi gaisuwa.

Ranar da na dawo garka, tun daga nesa na ga abin da ya faru. Duk inda na zuba takin, bakin ganyen ya bushe ya yi fari kamar an bi shi da wuta, wasu sun kwanta a ƙasa. Baffa yana tsaye a kan iyaka, hannu a baya. Kusa da shi Mas'ud ne, ya zo daga Liba duba Aishatu da ta zo wankan jego, ya biyo surukinsa ganin gona. Mutumin kirki ne, ya yi mini sannu, amma na ga idonsa yana auna rijiyar da tsohon jigon mahaifina.

"Malam Naziru," in ji Baffa, "wanga wane launi na a littafinku? Ko shi ma guduwa ya yi?"

Na bi layin ina duba ganye, sannan na wuce bakin titi na zauna a kan kwalbati. Ina nan zaune wata babbar mota ta tsaya, direban ya leƙo. Garba ne, wanda na yi wa yaron mota a hanyar Yawuri.

"Naziru! Mi kaka yi nan kamar an kore ka daga gidan biki? Yarona ya gudu. Ina lodi Aliero, jibi sai Anacha. Hawo mu tahi, ka ga kasuwar da ba ta da ƙarshe."

Ƙafata har ta motsa da kanta. Ban taɓa zuwa Anacha ba, kuma ƙamshin man dizal ɗin nan yana kira na kamar yadda ya saba. Na dubi motar, na waiwaya na dubi sandar jigon da ke leƙowa ta saman dawa.

"Sai wani jiƙon, maigida. Ina da majinyaci."

Na koma gida ina juya abin a kaina. Na san takin bai gudu ba, don babu wari. To me ya ƙone ganyen? Na shiga na tarar da Gwaggo tana haɗa kwaɗon zogale. Ta yanka albasa a faranti ta barbaɗa gishiri, ta juya tana daka ƙuli. Ina tsaye ina kallon farantin, albasar ta saki jiki ta yi laushi, ruwa ya taru a ƙarƙashinta. Babu wanda ya zuba ruwan nan. Gishirin ne ya jawo shi daga cikin albasar.

Nan take lissafin ya fito mini. Cikin tafin Baffa kusan duk toka ce da kashin tumaki, takin da ke ciki kaɗan ne, kuma rabinsa ya riga ya tashi. Cikin tafina kuwa taki ne zalla da ƙarfinsa. Na jibga wa jarirai gishiri a gindi, ƙasa ta fi saiwar gishiri, ruwa ya juyo yana fita daga shukar maimakon ya shiga. Ƙishirwa ce ke kashe su a cikin danshi. Kuma in haka ne, wannan ƙunar ita ce babbar shaidar cewa takina ya fi nasa ƙarfi nesa ba kusa ba.

"Gwaggo, maganar Malam gaskiya ce! Yawa ya yi!"

"Gishirin? Ko ɗanɗanawa ba ka yi ba."

Na fice da gudu. Na kama jigo na fara ɗurawa layukan nan ruwa, fangali ya cika ya tsotse, in sake cikawa, don ruwan ya narkar da takin ya gangara da shi ƙasa da saiwa. Ranar da kashegarinta ban yi wani abu ba sai wannan. Tafukana suka yi kanta suka fashe, na naɗe su da sauran ƙyallen rigar makaranta na ci gaba. Baffa yana wucewa yana cewa yanzu kuma shinkafa za a shuka.

Layi biyu na bakin rijiya ba su tashi ba, na cire su na maye da ragowar dashe. Sauran suka fitar da sabon ganye daga tsakiya. Wuraren da ban kai ga zubawa ba kuwa, na bi su da ɗan tsunkule tsakanin yatsu uku, in tona gefe nesa da gindi, in rufe, in bi da ruwa. Aiki ne mai cin baya da cin lokaci, mutum yana duƙe kamar mai tsintar allura. Bayan wasu makonni na sake ba su wani tsunkulen. Duk da haka sai ga taki ya yi ragowa a buhu.

Daga nan ban sake yin gardama da kowa ba, don garkar ta karɓe mini magana. Wanda duk ya bi hanyar rafi sai ya rage tafiya. Ta hagu, wato tawa, ganye kore shar har yana ɗaukar ido, tsaye kamar kibiya. Ta dama kore ne mai ɗan rawaya, irin wanda muka saba gani har muka ɗauka haka albasa take. Mutane suka fara tsayawa suna tambaya ta wane iri na samo. In ce irin Baffa ne, daga fangali ɗaya muka ciro. Wani ya ce ƙarya nake yi, daga Jega na sayo a ɓoye. Na ce ya je ya tambayi Baffa. Ba wanda ya je.

Da ganye ya karya wuya ya kwanta, muka janye ruwa, muka sa ranar cira. Tawa aka fara. Gwaggo ta zo da 'yan matan gida suna yanke ganye, ana tarawa a inuwa. Layukan da na maye sun ba da ƙanana, ban ɓoye su ba, na tara su gefe inda kowa zai gani. Sauran kuwa jajaye ne masu nauyi, wuya siriri, ɓawo a ƙulle, irin waɗanda dillalan Aliero ke rububi don suna jure ajiya.

Baffa ya zo da hantsi. Ya zagaya tarin, ya tsuguna, ya ɗauki ɗaya ya auna a tafinsa. Ya danna wuyanta da babban yatsa, ya kai hanci ya shinshina. Ya je tarin ƙananan ya daɗe yana tonawa, kamar mai neman abin da ya ɓace masa.

"Waɗanga hwa?"

"Su ne na ƙona, Baffa. Hannuna ya yi nauyi."

"Hm." Ya koma babban tarin. "Ubanka ya iya zaɓen wuri. Wagga ƙasa tun can ta fi tawa."

"Bara kai ka nome ta, Yaya," in ji Gwaggo, ba ta ko ɗago kai daga yankan ganye ba. "Ƙasar ba ta nan lokacin?"

"Laraba, wa ya sa da ke?"

Ya miƙe yana kakkaɓe riga. Ya dubi jigon, ya kama sandar ya girgiza ta.

"Wanga icce ya ci, bai kai baɗi. Ka nemi wani tun yanzu, kada ka jira sai ya faɗa maka ga kai. Rijiyar ma tana son yasa kafin ruwa su sauka."

"Mas'ud fa?"

"Mas'ud na da fadama Liba, mi zai yi da rijiyar da ta kusa rushewa?" Ya juya zai tafi, ya yi taku kaɗan, ya tsaya. "An ce taki ya yi maka saura."

"Yana nan a ɗakin Gwaggo."

"Ka aje shi wuri mai kyau, kada danshi shi taɓa shi. Nesa da murhu." Ya goge ido da bakin riga. "Ba don maganarka ba. Idanuna na ba ni wahala kwanan nan, malamin asibiti ya ce in rage shiga hayaƙi."

Ya wuce garkarsa. Gwaggo ta bi shi da kallo har ya tsallake iyaka, sannan ta jefo mini wata ƙatuwar albasa ta ce in kai wa malamin nan na Jega, in gaya masa in yana son takardarsa mai sauya launi, kofi guda ake sayarwa a gidanmu, da sanyinsa.

Na kai masa buhu guda a ranar kasuwa. A hanyar dawowa na sauka a Aliero, na shiga layin masu katako neman iccen jigo.